Sai Bango Ya Tsage: Jawabin Ofishin Magatakarda Kan Tsaron Wasiƙun Kasuwancinmu



Shugaban ƙungiya da mataimakansa, iyayenmu dattawa da suka kafa wannan tafiya, Alhazai da Hajiyoyi, baƙinmu da suka taso daga Rusairis da Sinja da Mai Wurno, 'yan'uwa direbobi da dillalai da masu shaguna, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma yi wa juna barka da ganin zagayowar wannan rana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar nan, Allah Ya jiƙansu, Ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Kun saba duk shekara in an kira ofishin magatakarda lissafi muke karantowa: nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ya biya kuɗin wata, wa ake bi. Wannan lissafin yana cikin takardar da aka rarraba muku, kowa ya duba da kansa. Bana mun roƙi shugaba ya ƙara mana lokaci kaɗan, domin wani abu ya faru a ofis wanda bai kamata mu ɓoye muku ba, kuma akwai buƙatar da za mu ajiye a gabanku kafin a tashi.

Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji suka zauna a bakin wannan kogi, da waɗanda suka iso tare da Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, ba su da banki, ba su da waya, amma fatauci bai tsaya ba. In mutum zai aika wa abokin cinikinsa maganar kuɗi, sai ya rubuta da ajami ya ba wanda aka sani, aka kuma san ubansa. Mai karɓa ya san rubutun hannun, ya san ɗan aiken. Ke nan kowace wasiƙa tana zuwa da shaidu biyu. Wasiƙar da muke aikawa yau ta kwamfuta ba ta da ko ɗaya. Rubutun kowa iri ɗaya ne, ɗan aiken kuwa ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Mun san da yawanku za su ce ba ruwansu da imel, WhatsApp da Bankak sun ishe su. Gaskiya ne ga wanda ke kai albasa da gishiri ta Kurmuk ko Gaisan ya dawo da buna daga Asosa. Amma duk wanda riɗinsa ko ƙaronsa zai shiga jirgi a Bur Sudan ya san mai saye na Turkiyya ko Masar ko Dubai ko Sin yana so ya ga fatura da kwangila da takardar jirgi da lambar asusun banki ta imel. Da yake yawancinmu ba mu da imel na kamfani, ta ofishin ƙungiya ake aikawa. Shi ya sa akwatin imel guda ɗaya yake ɗauke da sirrin gidaje masu yawa: hotunan fasfo, takardun jamarik, farashin da kowa ya sayar, da sunayen abokan cinikinsa na waje. Ko wanda bai taɓa danna kwamfuta ba, in ya taɓa kawo mana takarda mu aika masa, sunansa na ciki.

Ga abin da ya faru. Bayan girbin riɗin da ya wuce, wani ɗan'uwanmu, ba za mu kama suna ba, ya haɗa kaya da wasu mutum uku, suka yi ciniki da wani mai saye na waje wanda suka daɗe suna hulɗa. Mu muka aika faturar daga ofis ranar wata Lahadi. Bayan kwana biyu sai wata wasiƙa ta biyu ta iske mai sayen. Daga adireshinmu ta fito, a ƙarƙashin waccan ta farko, da irin gaisuwar da muka saba yi, har da hoton hatimin ƙungiya. Ta ce saboda halin yaƙi bankinmu ya samu matsala, a tura kuɗin kafin alƙalami a wani asusu da ke wata ƙasa ta uku. Wa zai yi mamakin jin banki ya samu matsala a Sudan a wannan zamani? Mutumin ya tura. Ya aiko da shaidar biya, amma ba ta taɓa zuwa gaban idonmu ba.

Kwana goma ɗan'uwanmu yana jiran kuɗi, mai saye yana jiran kaya. Sai da aka yi waya baki da baki sannan magana ta fito. Shi yana cewa ya biya a lambar da ta zo daga adireshinku, namu yana cewa ko jine ɗaya bai gani ba. Kowannensu gaskiya yake faɗa. Kuɗin kuwa sun riga sun bar wancan asusun. Dattawa suka shiga tsakani aka raba asarar, hulɗar shekaru ta tsira da ƙyar. Amma abin da ya fi ci mana rai shi ne kwanakin da aka yi ana kallon yaron da ke taya mu buga takardu. Ba wanda ya ce masa komai, amma in ya shigo sai hira ta tsaya. Muna so mu faɗa a gaban kowa yau: yaron nan ba shi da hannu. Wanda ya zarge shi a zuci ya nemi gafararsa.

Wani saurayi da yaƙi ya koro daga Hartum, wanda aikinsa ke nan a can, shi ya zo ya duba mana kwamfutar. Abin da ya nuna mana ya sa muka sunkuyar da kai. Na'urar tana tafiya da Windows 7, wadda kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Janairu 2020. Manhajar Outlook da muke karanta wasiƙu da ita kwafin kasuwa ce, ba ta asali ba, kuma wanda ya saka mana ita ya kashe mata hanyar sabuntawa don kada kamfani ya gane ya rufe ta. Kalmar sirrin imel ɗin ba a taɓa canza ta ba tun da aka buɗe shi, tana ma rubuce a cikin bangon littafin lissafi. Sannan a can cikin saitin akwatin ya gano wani umarni da ba mu muka sa ba: duk wasiƙar da ta zo daga wancan mai saye, a tura kwafinta wani adireshi, a ɓoye ta asalin a wata jaka da ba ma buɗewa. Ɓarawon ya daɗe zaune a cikin ofishinmu yana karanta wasiƙunmu, yana koyon yadda muke magana, yana jiran ranar fatura. Laifin namu ne mu ma'aikatan ofis, mun karɓa.

To amma ta ina ya shigo? Nan ne muke so a saurara da kyau, domin mu ma da can fahimtarmu rabi ce. Hanyar shiga iri biyu ce. Ta farko ita ce a yaudari mutum ya buɗe ƙofa da hannunsa: a aiko masa wata takarda a maƙale da wasiƙa ya buɗe, ko a nuna masa shafi na bogi ya rubuta kalmar sirrinsa. Wannan tsohuwar dabara ce. A watan Maris 1999 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Melissa ta yaɗu ta takardar Word; duk wanda ya buɗe, sai ta aika kanta ga mutum hamsin na farko a jerin abokansa na Outlook. A watan Mayu 2000 wata ta taso daga Manila ta ƙasar Filifin da sunan wasiƙar soyayya, ta zagaye duniya cikin 'yan kwanaki, har manyan ma'aikatu suka rufe imel ɗinsu. Maganin irin wannan shi ne hankali: kada ka buɗe abin da ba ka san mai shi ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda hankali kaɗai ba ya tare ta. Manhajar karanta imel gini ne da mutane suka yi, kuma kowane gini yana da inda aka yi kuskure. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In masu kutse suka gano tsaga a jikin manhaja, ba sa buƙatar ka buɗe musu ƙofa, ba sa buƙatar su zo garinku. Daga ɗakinsu a wata nahiya za su turo saƙo, manhajar da kanta ta yi musu aikin.

Ga misalin da ya fi kusa da mu. Ranar 14 ga Maris 2023 Microsoft ya sanar da wata tsaga a Outlook na kwamfutocin Windows. Kun san Outlook yana iya tuna wa mutum alƙawari, ya buga ƙararrawa. Sai masu kutse suka gano za su iya turo saƙon alƙawari su ce sautin ƙararrawar yana ajiye a wata kwamfuta tasu. Da saƙon ya iso, Outlook sai ya tafi ɗauko sautin, kuma a wurin gabatar da kansa sai ya miƙa musu wata shaida da aka ciro daga kalmar sirrin mai na'urar, wadda za su iya amfani da ita su shiga da sunansa. Ba sai ka danna komai ba, ba sai ka ma buɗe wasiƙar ba. Kamar a turo maka almajiri da kwano, kana barci, mai gadinka ya ɗauki makullin rumbu ya saka masa a ciki. Hukumar tsaron kwamfuta ta Yukren ce ta kai rahoton, kuma Microsoft ya ce wasu masu kutse daga Rasha sun yi kusan shekara guda suna amfani da tsagar a kan ma'aikatun Turai kafin a toshe ta.

Ku riƙe wannan kwanan wata. Kamfani ya fitar da facin tsagar ranar 14 ga Maris 2023. Ranar 11 ga Afrilu ya daina kula da Office 2013 gaba ɗaya. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke a Hartum. Wa ke tunanin facin kwamfuta a lokacin da ake neman motar kwaso iyali? Kwamfutoci nawa ne aka naɗe a bargo aka gudo da su Madani, daga Madani zuwa Sinnar, daga Sinnar zuwa nan, ba su sake ganin sabuntawa ba har yau?

Kada kuma a ce matsalar ta Outlook ce kaɗai. Ranar 2 ga Maris 2021 Microsoft ya fitar da facin tsaga huɗu a Exchange, wato manhajar babbar kwamfutar da ke karɓa da ajiye wasiƙun ma'aikata baki ɗaya. Kamfanin ya ɗora laifin a kan wata ƙungiya da ya kira Hafnium, ya ce daga Sin take, gwamnatin Sin ta musanta. Da labari ya fita, sauran ɓarayi suka yi rububi, aka shiga dubun dubatan irin waɗannan kwamfutoci a duniya, har da na Hukumar Bankunan Turai da na majalisar dokokin Norway. A Amurka sai da hukumar FBI ta nemi izinin kotu a watan Afrilu na shekarar ta shiga ɗaruruwan kwamfutoci ta cire ƙofofin sirri da masu kutse suka bari. A watan Oktoba 2023 kuma aka gano tsaga a Roundcube, wadda ƙananan kamfanoni da yawa ke buɗe imel ɗinsu da ita ta intanet. Ita ma duba wasiƙar kawai ya isa. Ko WhatsApp da muke alfahari da ita, a watan Mayu 2019 an gano ana iya dasa manhajar leƙen asiri a waya ta hanyar kira, ko mutum bai ɗauka ba. Kamfanin ya kai NSO na Isra'ila ƙara, ya ce an yi wa wajen mutum 1,400 haka.

Darasin duk waɗannan guda ne. Ranar da kamfani ya sanar da tsaga ya fitar da faci, ranar ce kuma ɓarayin duniya suka ji labarin inda tsagar take. Wanda ya yi facin ya tsira. Wanda bai yi ba, bangonsa a tsage yake, kuma yanzu kowa ya san wurin. Tsohuwar tsaga ta fi sabuwa haɗari ga irinmu, domin sabuwa tana hannun manyan masu kutse da ke farautar gwamnatoci, tsohuwa kuwa ta zama ta kowa, har yaron da ya koya jiya.

Mu a Sudan muna da dalili na musamman da ya sa bangonmu ya fi na wasu tsagewa. Tun Nuwamba 1997 Amurka ta sa wa ƙasar nan takunkumi, sayen manhaja ta asali da sabunta ta ya zama wahala, kowa ya koma kwafin kasuwa. A Fabrairu 2015 aka sassauta a kan kayan sadarwa, a Oktoba 2017 aka ɗage takunkumin ciniki, amma al'adar shekara ashirin ba ta fita a rana ɗaya. Har gobe in ka sayi kwamfuta, mai shago zai cika maka ita da manhajoji kyauta, ka yi ta godiya, ba ka san ya ɗaure mata hanyar samun magani ba. Sai yaƙi ya ƙara nasa. A Fabrairu 2024 shabakar Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, muka riƙa bin duk inda aka ce ana sayar da intanet awa-awa, muna buɗe imel da asusun banki a na'urar da ba tamu ba. Daga ƙarshen Yuni zuwa Nuwamba na shekarar hanyar Sinja ta yanke, kowa ya san yadda Damazin ta ji. Daga Disamba 2024 da aka fara canjin takardun 500 da 1000, hatta wanda bai taɓa yarda da banki ba dole ya buɗe asusu. Dukiyarmu ta koma cikin na'ura da sauri, iliminmu na tsare ta bai bi ta da wannan saurin ba.

Wani dattijo ya tambaye mu: to mu su wa, da har wani zai zauna a wata ƙasa ya neme mu? Baba, ba sunanka yake nema ba. Na'ura ce yake saki tana ƙwanƙwasa ƙofofi dare da rana, duk wadda ta buɗe sai ya leƙa. In ya ga kalmar fatura da dala, sai ya shimfiɗa tabarma. Kuma kada mu ɗauka sai marasa ilimi ake ci. A watan Afrilu 2018 an yaudari babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, mai sayar da manyan motocin Caterpillar daga Ingila, da shafin shiga imel na bogi. Da sunansa aka riƙa ba ma'aikatansa umarnin tura kuɗi, har wajen dala miliyan 11 suka fita. Wanda aka kama, Obinwanne Okeke, ɗan Najeriya ne da mujallar Forbes ta Afirka ta taɓa sa shi cikin matasan 'yan kasuwa abin koyi. A Fabrairu 2021 kotun Amurka ta ɗaure shi shekara goma. Hukumar FBI ta ce a shekarar 2023 kaɗai, ƙorafin da ya zo mata na irin wannan zamba ta imel ɗin kasuwanci ya haura dala biliyan 2.9. In an ci kamfani mai lauyoyi da injiniyoyi, ina ga ofis mai ɗaki ɗaya da kwamfuta ɗaya?

Yanzu ga abin da muka riga muka yi, da abin da muke roƙo. Mun canza kalmar sirri, mun goge wancan umarni, mun rubuta wa duk abokan cinikin da ke cikin akwatin mun gaya musu gaskiyar abin da ya faru. Mun kuma sa wa imel ɗin makulli na biyu: bayan kalmar sirri, sai an shigar da wata lamba da ke fitowa a wayar magatakarda, tana canzawa duk rabin minti. Mun zaɓi irin wadda manhaja ke fitarwa ba ta saƙon waya ba, domin tana aiki ko shabaka ta ɗauke. Hotunan fasfo da takardun jamarik da suka taru shekara da shekaru mun kwashe su daga akwatin. Abin da ba ya ciki, ba a sace shi daga ciki.

Abin da ya rage ya fi ƙarfin ofis, sai da yardarku. Na farko, waccan kwamfuta ta gama aiki. Muna roƙon taro ya amince a cire kuɗi daga asusun ƙungiya a sayi wadda za ta ɗauki Windows 11 ta asali. Muna jaddada wannan domin Windows 10 ma an daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025, haka Office 2016 da 2019, kada a sayo mana tsohon bango da sabon fenti. In kuɗin Office na asali ya yi mana yawa, akwai halastattun manhajoji na kyauta kamar Thunderbird na karanta imel da LibreOffice na rubuta takardu, waɗanda ke sabunta kansu ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Mun san halin da ake ciki, mun san kowane jine da gumi aka samo shi. Amma ku auna kuɗin kwamfuta ɗaya da abin da mutum huɗu suka rasa a wasiƙa ɗaya.

Na biyu, Microsoft yana fitar da facinsa ranar Talata ta biyu a kowane wata, da yamma ke nan a agogonmu. Muna so a rubuta a dokar ofis cewa washegari Laraba, kafin a buga kowace takarda, sai an sabunta kwamfuta, a sa hannu a littafi, ma'aji ya duba. Direba ba ya fita hanyar Kurmuk da damina bai duba taya ba. Ku ma a wayoyinku, in saƙon sabuntawa ya fito, ku daina cewa sai an jima don tsoron ƙarewar data. Facin nan shi ne kuɗin gadi mafi arha da za ku taɓa biya.

Na uku shi ne mafi girma, kuma ba ya cin ko sisi. Muna so wannan taro ya mayar da shi doka a tsakaninmu: ba a canza lambar asusu da wasiƙa. Ko daga wa ta zo, ko da hatimin wa, ko da wane uzuri. In saƙo ya ce a tura kuɗi wani sabon wuri, a ajiye shi, a kira mutumin a tsohuwar lambarsa da ke rubuce a littafi, ba lambar da ke ƙasan wasiƙar ba, domin ita ma ɓarawo ne ya sa ta. A ji muryarsa, a tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani: kayan bara buhu nawa ne, wa ya yi lodi. In saƙon ya ce a yi sauri kafin banki ya rufe, to saurin nan shi ne alama. Za mu rubuta wannan doka da Larabci da Turanci a ƙasan kowace fatura da ta fita daga ofis, domin mai saye ma ya san in ya ga canji, ba daga gare mu ba ne. Da wannan muke mayar wa wasiƙa shaidun da ta rasa. Ko ɓarawo ya sami tsagar da ba wanda ya sani tukuna, zai karanta wasiƙa, amma kuɗi ba za su motsa ba sai an ji murya.

Wannan doka ta shafi na Bankak ma. Hoton ish'ar da mutum ya nuna maka a wayarsa ko ya turo maka ba kuɗi ba ne, hoto ne, kuma ana ƙera na bogi. Buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka kafin buhu ya hau lori. Lambar sirri da banki ya turo maka kuwa ba a faɗa wa kowa, ko ya ce daga banki yake kira.

Na huɗu, kunya. Mun tabbata a cikin zauren nan akwai wanda irin wannan ya taɓa samu ya haɗiye, don kada a ce Alhaji wane an yi masa wayo. Shirun nan shi ɓarawo yake so, domin da dabarar da ya ci ka zai ci maƙwabcinka. Kuma in kuɗi sun fita bisa kuskure, sa'o'in farko su ne komai: a kira bankin da ya tura a ranar, ya nemi ɗan'uwansa ya riƙe kuɗin kafin a kwashe. Mu kwana goma muka yi ba mu sani ba, shi ya sa ba a samo komai ba. Duk wanda ya ga wasiƙar da ta ba shi shakka, ya kawo ofis mu duba tare. Ba za mu kai sunansa ko'ina ba. Mu da muka tsaya a gabanku muka faɗi namu laifin ba mu da bakin yi wa wani dariya.

Ga matasanmu, 'ya'yan Alhazai da ke riƙe wa iyayensu waya: ku ne masu gadin rumbu yanzu. Kowace Asabar bayan La'asar ofis zai kasance a buɗe, wancan saurayin ya yi alƙawarin zuwa kyauta, Allah Ya saka masa. Ku zo da wayoyin iyayenku a sa musu makulli na biyu, a duba ko akwai umarnin da ba su suka sa ba. Iyayenmu mata masu sana'a da ke karɓar kuɗi ta waya, za a ware muku lokacinku daban.

Iyayenmu, wannan ƙungiya ba ta da gona, ba ta da lori. Jarinta shi ne in takarda ta fita da hatiminta, mutumin Asosa da na Bur Sudan da na ƙetaren teku ya yarda da ita. Ku kuka tara wannan suna, kafin a haifi wasunmu. A hannunmu ya kusa samun tabo, muna neman afuwarku. Buƙatunmu suna gaban shugaba a rubuce, muna roƙon a sa su a ƙuri'a yau, kada a ɗage zuwa wani zama, domin riɗi na gaba yana hanya, fatura kuma za ta sake fita.

Allah Ya kawo ƙarshen wannan fitina, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya buɗe hanyoyi, Ya mayar da waɗanda suka rabu da gidajensu. Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya tsare mana halal ɗinmu daga wanda muke gani da wanda ba ma gani, Ya nuna mana na baɗi da rai da lafiya.